Yadda ake gane cewa wani magani ya fi wani: kwatanta kaso biyu a binciken lafiya

Idan aka kwantar da ɗanka a asibiti yau da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, a Ikara ne ko Maƙarfi ko Hunkuyi, abin da ƙa'idar aikin likita ta ce a fara ba shi shi ne allurar atisunet. Shekaru ashirin da suka wuce kuwa, kwinin za a zuba masa cikin ƙarin ruwa, kuma har yanzu akwai iyayen da hankalinsu ba ya kwanciya sai sun ga an rataya ledar ruwan nan. Me ya sa aka canza? An canza ne saboda an kwatanta lambobi biyu: yara nawa cikin ɗari suka rasu a cikin waɗanda aka ba kwinin, nawa kuma suka rasu a cikin waɗanda aka ba atisunet. Wannan bayani zai nuna maka yadda ake irin wannan kwatanci, da yadda za ka auna maganar duk wanda ya ce maka “bincike ya nuna”, ko likita ne, ko mai kemis, ko mai tallar magani a bayan mota ranar kasuwa.

Mene ne kaso?

Kaso shi ne adadin waɗanda abu ya samu, a raba shi da adadin dukkan waɗanda aka duba. Mutum 30 sun warke cikin 40, kason warkewa ya zama kashi 75 cikin 100. Yawancin tambayoyin da suka dami majinyaci amsarsu i ce ko a'a: ya rayu ko ya rasu, ciwon ya dawo ko bai dawo ba, jini ya ɓalle bayan haihuwa ko bai ɓalle ba. Shi ya sa kwatanta kaso biyu ya fi kowane lissafi yawa a mujallun likitoci.

Ka lura da lamba ta biyu, wadda ake rabawa da ita. Wanda ya ce maka maganinsa ya warkar da mutum 500 bai gaya maka komai ba tukuna, sai ya faɗi mutum nawa suka sha.

Kwando biyu daga gona ɗaya

Ka ɗauka manomi a Ikara ya cika kwando biyu da tumatir daga gona ɗaya, rana ɗaya. Ka ɗebo guda 20 daga na farko, ka samu 3 sun fashe. Ka ɗebo 20 daga na biyu, ka samu 5. Za ka rantse kwando na biyu ya fi muni? Duk wanda ya taɓa cinikin kayan gwari ba zai yi wannan gangancin ba. Ya san idan ya sake zura hannu, na farkon zai iya ba da 6, na biyun ya ba da 2. Inda hannu ya faɗa ne kawai. Amma da zai zazzage kwandunan duka ya ƙirga, ya samu ɗaya ya ninka ɗaya a fasassu, to a nan zai tambayi manomin ko ba tsinkar jiya ya cusa a ƙasa ba.

Haka majinyata suke. Ko da magani iri ɗaya aka ba rukuni biyu, da wuya adadin waɗanda suka warke ya zo daidai wa daida, domin a wannan rukuni za a dace da yara biyu da aka makara kawowa, a wancan a dace da waɗanda jikinsu ke da ƙwari. Wannan hawa da saukar da dace kaɗai ke haifarwa ita ce matsalar da gwajin lissafin ke neman warwarewa. Tambayarsa guda ce: bambancin da muka gani ya wuce abin da dace zai iya kawowa shi kaɗai, ko bai wuce ba?

Binciken da ya sauke kwinin

Daga 2005 zuwa 2010 an gudanar da wani babban bincike mai suna AQUAMAT a asibitoci 11 cikin ƙasashen Afirka 9, har da Nijeriya, inda aka yi shi a Ilorin. An sa yara 5,425 'yan ƙasa da shekara 15, dukkansu da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Kowane yaro ƙuri'a ce ta zaɓa masa maganin da za a ba shi. Yara 2,712 sun samu atisunet, 230 daga cikinsu suka rasu, wato kashi 8.5 cikin 100. Yara 2,713 sun samu kwinin, 297 suka rasu, kashi 10.9 cikin 100. An buga sakamakon a mujallar Lancet a Nuwamba 2010.

Mai bincike yana farawa ne da ƙin yarda da kansa. Sai ya ɗauka tukuna cewa magungunan biyu ƙarfinsu ɗaya. Wannan shi ake kira zaton rashin bambanci. In zaton gaskiya ne, yara 527 da suka rasu ai da za su rasu ko wanne magani aka ba su, kuma ƙuri'a za ta raba su kusan biyu, wajen 263 nan, 264 can. Ba lalle ya zo cif-cif ba. 255 da 272 ba zai ba kowa mamaki ba. Amma 230 da 297 fa?

Ga lissafin, ga mai son ganinsa. Wanda bai damu ba ya tsallake sakin layin nan, ba zai rasa zaren maganar ba. A haɗa rukunin biyu: 527 cikin 5,425 ya ba da 0.097. A ninka shi da ragowarsa, 0.903. A ninka abin da ya fito da jimillar ɗaya bisa 2,712 da ɗaya bisa 2,713. Daga nan a nemo lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan sakamako. Lambar ita ce 0.008, wato 0.8 cikin 100. Wannan shi ne gwargwadon tazarar da dace ya saba sakawa tsakanin rukuni biyu masu wannan girma. Tazarar da aka gani a zahiri kuwa 2.4 ce da 'yar ɗoriya. A raba 2.4 da 0.8, a samu 3. Wannan lamba ita ake kira z, daga gare ta gwajin ya samo sunansa.

Ma'anarta, bambancin da aka gani ya ninka abin da dace ya saba kawowa har sau uku. Dace yakan kai ninki ɗaya kullum, yakan kai ninki biyu jefi-jefi, kamar sau 5 cikin 100, amma ninki uku abu ne mai wuyar gaske. Masu binciken sun bayyana wuyar da lamba: p = 0.0022. Wato da a ce magungunan ɗaya suke, aka maimaita binciken sau 1,000, kamar sau 2 kacal za a ga tazara mai girman wannan ko wadda ta fi ta. Don haka aka yar da zaton rashin bambanci. Dama a 2005 an samu irin wannan sakamako a wani bincike a nahiyar Asiya wanda yawancin majinyatansa manya ne, inda kashi 15 cikin 100 suka rasu da atisunet, kashi 22 da kwinin. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa atisunet a gaba wajen maganin zazzaɓi mai tsanani ga yara ma.

Za ka iya cin karo da wasu sunayen. Gwajin kai-sikwaya, wanda Karl Pearson ya fito da shi a 1900, amsa ɗaya yake bayarwa da gwajin z idan rukuni biyu ake kwatantawa. Idan kuwa waɗanda abin ya samu ba su da yawa, kamar a ce lissafi ya nuna ana sa ran ƙasa da 5 a wani rukuni, akan koma ga gwajin Fisher, domin na z ba ya zama daidai a ƙananan lambobi.

Abin da p ba ta faɗa ba

Al'ada ta sa idan p ta gaza 0.05, a ce bambancin ya tabbata a lissafi. Ronald Fisher, wani masanin lissafi na Ingila, shi ya yaɗa wannan iyaka a littafinsa na 1925. Iyaka ce da mutane suka yarda da ita don sauƙin aiki, kamar yadda aka yarda a kan bakin mudu. Babu wani abin kirki da ya raba 0.049 da 0.051, ko da yake za ka ga an yi wa na farko biki, an binne na biyu. A ganina wannan na daga cikin munanan ɗabi'un da mu likitoci muka gada.

Kuma iyakar tana da farashi. Idan aka gwada abubuwa 20 da ba su da wani amfani ko kaɗan, ana sa ran ɗaya zai tsallake 0.05 ta hanyar dace kawai. Saboda haka mai binciken da ya auna abubuwa barkatai, sannan ya zaɓo wanda ya yi masa kyau ya kai gidan rediyo, bai yi ƙarya a lamba ba, amma ya yaudare ka. Bincike na ƙwarai yakan rubuta abin da zai auna tun kafin a ba majinyaci na farko magani.

Sannan p ba ta gaya maka girman amfanin. Don wannan akwai wani ma'aunin, tazarar amincewa, wadda ke nuna daga ina zuwa ina ainihin bambancin zai iya kasancewa. A lambobin AQUAMAT ta kama daga kimanin 0.9 zuwa 4 cikin 100. Ko a ƙarshen da ya fi ƙanƙanta, atisunet ne a gaba. Ni idan aka ce in zaɓi ɗaya tsakanin p da wannan tazara, tazarar zan ɗauka.

“Ba a ga bambanci ba” da “babu bambanci”

A nan mutane suka fi zamewa, har da masu digiri. Mu rage binciken can zuwa yara 200 a kowane ɓangare, mu bar kason kusan yadda yake: 17 sun rasu da atisunet, 22 da kwinin. Maganin bai canza ba, amfaninsa bai ragu ba. Amma z ta sauko ƙasa da 1, p ta koma wajen 0.4, wato dace zai iya kawo irin wannan tazara sau 40 cikin 100. Wanda ya yi wannan ƙaramin binciken zai rubuta cewa bai ga bambanci ba, kuma gaskiya ya faɗa. Wanda ya karanta ya ce ashe magungunan ɗaya suke, shi ne ya yi kuskuren da zai ci rayuka. Ƙaramin bincike kamar neman allura ne da aci-balbal: rashin ganinta bai nuna ba ta ɗakin ba.

Mu a Arewa mun ga wannan da idonmu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan, kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a kan yara kimanin 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Kusan rabi aka ba Trovan, sauran aka ba seftirayazon, wanda dama an san yana maganin sanƙarau. Yara 5 suka rasu a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren. Kamfanin ya riƙe waɗannan lambobi a matsayin shaidar cewa maganinsa bai gaza wancan ba.

Ka sa su a sikelin da muka yi amfani da shi ɗazu. Da yara wajen 100 a kowane ɓangare, tazarar amincewa ta kama daga Trovan ya ceci ƙarin yara 7 cikin 100 zuwa ya jawo ƙarin mutuwar 5 cikin 100. Lambobin sun dace da magani mai kyau ƙwarai, sun kuma dace da maganin da ya kusa ninka mace-mace. Biyar da shida ba su raba gardamar ba. Ƙari a kan haka, an ba yawancin yaran ɗaya ɓangaren seftirayazon ƙasa da adadin da aka saba bayarwa, abin da kamfanin ya ce ya yi ne don rage zafin allura. Ko mene ne dalilin, wanda ya rage wa abokin kokawarsa abinci ba zai kafa hujja da canjaras ba. A 1999 hukumomin Amurka suka taƙaita amfani da Trovan saboda illarsa ga hanta, Turai kuma ta dakatar da shi. Iyaye sun ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba, aka yi shekaru ana shari'a, har a 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da ya amsa laifi ba. Raunin da abin ya yi wa yarda ya fi kuɗin yawa: yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003.

Darasin lissafin dabam, na haƙƙi dabam. Idan aka nemi sa ka ko ɗanka a bincike, dole a yi maka bayani da harshen da kake ji, a gaya maka cewa gwaji ne, kuma kana da ikon ƙi ko fita a kowane lokaci ba tare da an rage maka kulawa ba.

Me ya sa sai da ƙuri'a?

Gwajin z yana cire dace ne kawai daga cikin waɗanda ake tuhuma. Ba ya iya gaya maka ko rukunin biyu sun fara tsere daga layi ɗaya. Sau nawa ka ji ana cewa babban asibiti ya fi ƙaramin asibitin unguwa yawan mutuwa? Da za a ƙirga, wataƙila lambobi su goyi bayan maganar, p ma ta fito 'yar mitsitsiya. Amma wa ake kaiwa Asibitin Koyarwa na Shika daga Kudan ko Maƙarfi? Wanda ƙaramin asibitin ya ga ya fi ƙarfinsa: mai dogon suma, mai naƙudar kwana biyu, wanda jininsa ya ƙare. Bambancin na majinyatan ne tun daga ƙofa. Haka nan idan aka bar likita ya zaɓi wanda zai ba sabon magani, hannunsa zai karkata, ko ga masu sauƙi ko ga masu tsanani, ko da bai yi niyya ba. Ƙuri'a ba ta san ɗan wane ba. Ita ke raba masu ƙarfi da raunana, da waɗanda suka zo da wuri da waɗanda suka makara, daidai gwargwado tsakanin ɓangarorin biyu.

Misalin wannan yana nan ƙofar gidanmu. A 2006 aka fara Shirin Ƙauyukan Ƙarni a Pampaida, cikin ƙaramar hukumar Ikara, ɗaya daga cikin wuraren da masanin tattalin arzikin nan na Amurka, Jeffrey Sachs, da Majalisar Ɗinkin Duniya suka zaɓa a ƙasashen Afirka. An kawo gidan sauro, da taki, da ingantaccen iri, an ƙarfafa asibiti da makaranta. Ba ta ƙuri'a aka zaɓi ƙauyukan ba, kuma ƙauyukan da za a kwatanta su da su daga baya aka nemo su. A 2012 wani rahoto a kan ƙauyukan shirin ya fito a Lancet yana cewa mutuwar ƙananan yara na raguwa a cikinsu da sauri ninki uku fiye da sauran karkarar ƙasashensu. Wasu masana suka duba, suka ga shekarun da aka auna a ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ne, kuma a daidai shekarun shirin mutuwar yara na raguwa sosai har a inda shirin bai je ba. Marubutan suka amsa kuskuren, suka janye wannan iƙirari. Binciken ƙarshe da aka buga a 2018 ya samu ƙauyukan shirin a gaba a abubuwa 30 cikin 40 da aka auna, musamman a lafiyar mata masu ciki da noma. Mutanen Pampaida sun amfana, ban ga abin musu a nan ba. Amma nawa ne daga cikin amfanin aikin shirin, nawa ne kuma ci gaban da dama zai zo, wannan ya fi wuyar tantancewa, saboda tun farko ba a jefa ƙuri'a ba.

Kashi 22 ko kashi 2?

Sakamako ɗaya ana iya faɗinsa ta hanya biyu, duka gaskiya. Atisunet ya rage mace-mace da kashi 22.5 cikin 100, idan aka auna ragin da yawan masu mutuwa da kwinin. Ya kuma rage shi da 2.4 cikin kowane yara 100 da aka kwantar. Ta farko jarida ta fi so. Ta biyu ta fi amfani gare ka, domin daga ita ake gane cewa a cikin kowane yara 41 da aka ba atisunet maimakon kwinin, an tsirar da rai ɗaya. Ka tuna yawan yaran da ake kwantarwa a asibitocin yankin nan daga Agusta zuwa Oktoba, za ka ga ɗaya cikin 41 ba ƙaramin abu ba ne. Amma idan ciwon dama mutum 2 cikin 10,000 yake kamawa, maganin da ya “rage shi da rabi” mutum 1 ya kare cikin 10,000. Duk lokacin da ka ji an ce an rage abu da kashi kaza, ka tambaya: daga nawa zuwa nawa, kuma cikin mutum nawa?

A bakin gadon majinyaci

Lambobin AQUAMAT suna da wata fuskar da bai kamata ta wuce ka ba. Kusan yara 89 cikin 100 da aka ba kwinin sun rayu. Kwinin magani ne, kuma idan babu atisunet a asibitin da kake, ƙa'ida ta yarda a yi amfani da allurar atimeta ko kwinin. Kada ka hana a sa wa yaro kwinin don kana jiran a nemo atisunet daga Zariya. Awannin da za a ɓata sun fi bambancin magungunan biyu haɗari. Haka kuma yara 8 zuwa 9 cikin 100 sun rasu duk da an ba su maganin da ya fi, kuma a wannan ciwo yawancin mace-macen a kwana ɗaya na farko suke faruwa. Abin da ke hannunka shi ne lokacin da ka kawo shi.

Idan yaro mai zazzaɓi ya fara jijjiga, ko ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amai da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ya kasa zama da kansa, ko numfashinsa ya yi sama, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ko ba ya gane mutane, a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Idan asibitin da ke iya yin allurar jijiya yana da nisa, ma'aikacin lafiya zai iya saka wa yaro ɗan ƙasa da shekara 6 atisunet ta dubura kafin a kama hanya, amma wannan riƙon ƙwarya ne, tafiyar ba ta faɗi ba. A asibiti ana yin allurar aƙalla sau uku: da isowa, bayan awa 12, da bayan awa 24. Ko yaro ya farfaɗo ya nemi abinci bayan ta farko, a bari a cika ukun. Daga nan sai a ɗora shi a kan ƙwayoyin haɗin maganin zazzaɓi na kwana uku, a shanye su duka.